Rufin Motar Amarya a Shiling

Shekarun baya, a daminar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, na taɓa cika bakin da ya kusa fin ƙarfina. Ɗazu ina manna wa 'yata takalmin makaranta abin ya faɗo mini a rai, har na tsaya ina dariya ni kaɗai. Na ce bari in ba ku labarin tun ban fara manta ƙananan abubuwan da ke cikinsa ba.

Lokacin ina ɗalibi a Guangzhou, ina shekara ta uku a karatun injiniya. Idan an yi hutu nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, in raka su kasuwa, in raka su masana'anta. Amma a wannan shekarar an tsaurara ba da biza saboda gasar, mutanenmu da yawa ba su samu shigowa ba. Titin Huanshi Lu, inda ba ka taku goma sai ka ji an yi maka sallama da Hausa, ya koma shiru-shiru. Wanda ya rage mini shi ne wani abokina ɗan Maraɗi, mai sarin jakunkunan mata. Ya girme ni da kusan shekara goma, amma ba ya ganina bai tsokane ni ba. Shi nake rakawa Shiling, garin da ake ɗinka jakunkunan fata, sau biyu ko uku a mako.

Masana'antar da yake hulɗa da ita ta wani dattijo ce da matarsa. Dattijon kowa Lawban yake ce masa, wato maigida, mutum mai fara'a da son shayi. Matar ita ke riƙe da teburin yanka da na manna fata. Gajeriya ce, tabarau kullum a rataye a wuyanta, kuma ban taɓa jin ta jera kalma biyar a magana ɗaya ba.

Wata rana ruwan sama ya tare mu a can. Lawban ya ja mu zuwa siton baya inda yake ajiye kayan shayinsa, muna zaune sai ya tashi ya yaye wani ƙaton mayafi. Mota ce ja, ƙarama mai kujera biyu, tsohuwar ƙirar Jamus wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ta da rufi a kanta. Irin motocin nan ne masu rufi biyu: na tamfol da ake naɗewa, da na ƙarfe da ake ɗorawa kamar hula a ɗaure shi da sakata, in an ga dama mutum biyu su ɗauke shi su ajiye. Na tamfol ɗin ya daɗe da ruɓewa. Na ƙarfen yana jingine da bango, fentinsa ya tsage, robar gilashinsa ta bushe ta farfashe, silin ɗin ciki ya yage soso yana zubowa kamar garin rogo.

Lawban ya ce motar yayansa ce da ya rasu. Yayan bai haihu ba, ya ɗauki son duniya ya ɗora wa 'yar Lawban ɗin, tun tana ƙarama yake ce mata a wannan motar za a kai ta gidan miji. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya bar wa ƙanensa motar da wannan maganar. To ga shi an sa bikin ranar buɗe gasar, takwas ga watan takwas, ranar da gidaje da yawa suka zaɓa saboda suna son lambar takwas. Makanike ya tayar da injin, yana aiki lafiya lau. Rufin ne matsalar, domin ba mai hankalin da zai ɗauki amarya a buɗaɗɗiyar mota a tsakiyar daminar Guangzhou. Gareji uku ya kai maganar, duk suka ƙi. Tsoronsu gilashin baya ne, mai lanƙwasa, wanda in ya fashe babu wani a ƙasar. Ko sabuwar robar gilashin sai da wani ɗan'uwansa ya nemo masa daga Hong Kong, mako biyar ana jiranta, kuma ƙwaya ɗaya ce tak.

Yana magana, ni kuwa na riga na tsuguna a gaban rufin, hannuna yana bin gefen robar da kansa. A nan sai na gaya muku abin da ban cika gaya wa mutane ba a lokacin. Mahaifina mai ɗinkin kujerun mota ne da silin, yana da rumfa a Ƙofar Ruwa a Kano. Tun ina firamare har na gama sakandare, daga makaranta rumfar nake wucewa. Na tsani warin gam, na tsani yadda yake maƙale mini a farce in je aji yara suna kallon hannuna. Da na zo jami'a, duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce yana harkar motoci, in bar shi ya yi zaton dila ne. Amma ranar nan da na ga rufin, sai na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a baƙon gari.

Na ɗago na ce wa Lawban da Sinanci, “Zan iya.”

Abokina bai ji yaren ba, amma ya ga yadda fuskar dattijon ta canja. Ya ce, “Mi kac ce mishi?”

“Na ce zan gyara masa.”

“Kai? Kai da fankar ɗakinka wata biyu tana kuka ba ka taɓa ta ba?”

“Aikin mahaifina ne. A ciki na tashi.”

Ya ƙura mini ido. “Ba kai kac ce mini harkar motoci yake ba?”

Na ce, “To wannan harkar jirgi ce?”

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Lawban ya kama hannuna da hannayensa biyu yana ta godiya. Matarsa, wadda ta shigo ɗaukar wani abu, ta dube ni daga sama har ƙasa ta fita. Saura mako uku da 'yan kwanaki a yi bikin.

Gaskiya ban ji tsoro ba, kuma kwance rufin bai ba ni wahala ba. Muka kife shi a kan benci biyu da muka shimfiɗa wa ragowar fata. Na samo babban kwali na zana siffar rufin a kai, duk kusar da na cire sai in soke ta a kwalin daidai inda na ciro ta, yadda mahaifina yake yi. Na kwance sakatun na jiƙa su a mai. Na cire ƙarafunan adon gefe masu ƙyalli a hankali, domin ɗaya ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Gilashin da gareji uku suka gudu kuwa, ban ma yi kokawa da shi ba. Tunda tsohuwar robar ta mutu, reza na sa na yanke leɓenta a zagaye, gilashin ya taso da kansa. Muka naɗe shi a bargo, Lawban ya kai shi ɗakin kwanansa ya ajiye.

Daga nan na yage tsohon silin, na kankare soso da busasshen gam. Tsatsa ta ci bakin ƙarfen da robar ke zama a kai, kwana huɗu na yi ina gugarta da samfefa har zanen yatsuna ya kusa shafewa. Fenti ba fannina ba ne, na faɗa tun farko, aka kai wa mai fenti ya fesa baƙi ya dawo yana ɗaukar ido. Ma'aikatan masana'antar suka riƙa leƙowa lokacin cin abinci suna kallon kwalina mai kusoshi suna gyaɗa kai. Ni kuwa kai ya fara girma. Har tafiyata ta canja, in ji abokina.

Saura kwana tara na zo kan silin. Lawban ya ce ba ya son yadi, fata za a sa, tunda gidan fata ne. Matarsa ta yanko wata fata mai laushi, launin madara, daidai awon da na ba ta. Na shafa gam a cikin rufin, na shafa a bayan fatar. Irin gam ɗin nan ne da ake shafa wa ɓangare biyu, a bar shi ya sha iska kafin a haɗa. Tsawon lokacin da za a bar shi kuwa, na san shi tun ina yaro. Mahaifina mutum ne mai son zama da alwala. Kullum in ya shafa gam sai ya ajiye buroshi, ya ɗauki buta ya je bakin famfo ya yi alwala, ya dawo ya manna. Sau dubu na ga haka. A kaina awon gam shi ne alwala ɗaya.

Na je na yi alwalata, na dawo na ɗauki fatar. Sai matar Lawban ta tare ni. Ta nuna mini waje, inda hadari ya haɗu iska ta yi nauyi har rigar mutum na manne masa a baya. Sannan ta nuna wani ɗan ɗaki a ƙarshen masana'antar, mai fitilu da injin tsotse danshi, inda suke shanya fatun da suka shafa wa gam. Ta ce, “Jira.”

Na yi mata murmushin wanda ya san aikinsa, na ce, “Me wanti,” wato ba matsala. Har na ƙara da cewa haka muke yi a garinmu. Ta dube ni, ta mayar da tabaranta wuya, ta koma teburinta.

Na manna fatar, na bi ta da tafin hannu ta kwanta lumui, babu ko ƙwayar tattara. Da la'asar, tunda aiki yana tafiya, na ce a ɗauko gilashi. Muka juya rufin daidai, na sa wa gilashin sabuwar robar, na zura igiya a cikin kwarminta, na shafa ruwan sabulu. Lawban da abokina suna dannawa ta waje, ni ina ciki ina jan igiyar, leɓen robar yana hawa bakin ƙarfen yana danne gefen fatar. Cikin minti goma gilashi ya zauna daram. Abokina ya tafa ya ce, “Wallahi ɗan Kano, yau ka hidda mu kunya!” Lawban ya fito da shayin da yake ɓoye wa manyan baƙi. A hanyar komawa gari, ni nake ba direba labarin yadda ake aikin mota.

Da safe muka dawo. Tun daga ƙofa na ga ma'aikata sun yi cirko-cirko, ba wanda ya amsa gaisuwata da ƙarfi. Na shiga sito na leƙa ƙarƙashin rufin. Fatar ta saki daga tsakiya, ta sauko kamar cikin saniya mai juna biyu. Na taɓa ta, na ji gam ɗin a jiƙe ta ciki, ya yi fari-fari yana yauƙi. Gefuna kawai suka riƙe, su ma don roba ta danne su ne.

Nan take na gane girman abin. Ba a sake silin sai an cire gilashi, tunda gefen fatar a ƙarƙashin robarsa yake. Wancan karon yanke roba na yi. Wannan karon ba halin yanka, ita kaɗai ce, wata kuma sai bayan mako biyar. Dole in fitar da gilashin da babu irinsa daga cikin sabuwar roba mai ƙarfi da ta kama shi gam, ba tare da na fasa shi ko na yaga ta ba. Wannan ban taɓa yi ba. Saura kwana takwas.

Lawban bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tsaya yana shafa bonet ɗin motar, can ya ce in abin ba zai yiwu ba in bar shi haka, za su yi hayar mota kamar kowa. Ya ce yayansa zai fahimta. Wannan maganar ta fi mari zafi a wurina.

Abokina ya ja ni gefe. Yau babu tsokana. Ya ce, “Bon, to ka kira tsohonka.”

Na ce zan yi tunani tukuna.

“Tunanin mi? Tunaninka ne yak kawo mu nan. Kira shi.”

Kano tana bayanmu da awa bakwai, don haka sai da na jira har ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da na san ya dawo daga masallacin asuba yana shan koko. Awa huɗun nan na yi su ne a zaune a gaban rufin ina kallon ɓarnata. Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne, na fi wata biyu ban kira shi ba. Mahaifiyata nake kira, in ce ta gaishe shi.

Ya ɗauka ya ce, “A'a, Injiniya! Yau an tuna da mu?” Haka yake kirana tun ranar da na samu gurbin karatu, kuma har yau ban tabbatar yabo ne ko zolaya ba.

Muka gaisa, na kwashe labari na gaya masa. Bai katse ni ba sai da na zo wurin gam. Na ce, “Baba, wallahi yadda kake yi na yi. Na shafa, na je na yi alwala, na dawo na manna.”

Na ji ya ajiye kofi. Ya ce, “Ni na taɓa ce maka alwala ce take busar da gam?”

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

“In na dawo daga famfo, me nake yi kafin in ɗauki yadi?”

Na ce ban tuna ba.

“Ba za ka tuna ba, ai lokacin idonka yana titi. Bayan yatsana nake ɗorawa a kai. In ya kama ni, in ƙara jira. In ya sake ni, in manna. A Kano iska a bushe take, kafin in dawo ya yi, shi ya sa ba ka taɓa ganin na jira ba. Can garin naku yaya iskar take?”

Na ce ko wanki kwana biyu yake bai bushe ba.

“To ka ji. Babu mai aikin gam a wurin?”

Na ce akwai matar mai gidan, ta fi shekara talatin tana manna fata.

“Ita me ta ce maka?”

Na ce, “Ta ce in jira.”

Ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

Sai kuma ya gyara murya ya koma aiki, kamar ina tsaye a gefensa a rumfa. Ya ce gilashi ba ya tsoron ƙarfi, abin da yake tsoro shi ne a matsa masa a wuri ɗaya. In dafa ruwa in jiƙa tawul in lulluɓe robar har ta yi laushi. Kada ƙarfe ya kusance ta, in fiƙe itace in riƙa ɗaga leɓen ta ciki ina soka shi, tun daga kusurwar sama. In kwanta rigingine in tura da tafin ƙafa biyu, ba takalmi, mutum biyu suna waje suna tarba. Sannan ya ce, “Kada ka sa sabulu, yana tsayawa kafin ka zagayo. Kuɓewa za ka kaɗa, yauƙinta yana jiran mutum. Akwai kuɓewa a Caina?”

Na juya na kalli abokina. Kowa a masaukinsu ya san yana da garin busasshiyar kuɓewa da matarsa ta daka masa daga Maraɗi, yana ɓoye ta a ƙasan akwati, ko ɗanɗano ba ya ba kowa. Da na gaya masa ya dafe kai ya ce, “Kuɓewata ta wata ukku za ka ba mota ta sha?” Amma washegari da ita ya zo a leda, kuma shi da kansa ya kaɗa ta a tukunyar ma'aikata, yana cewa 'yan Kano ba su iya kaɗa kuɓewa ba.

Itacen da zan fiƙe kuwa, tsinkayen itacen da 'yan Sin suke cin abinci da su na samu. Na fere bakin guda ashirin suka yi faɗi. Muka ɗora rufin a kan benci, na tara buhunan ragowar fata a ƙarƙashi na kwanta a kai. Tawul mai zafi, yauƙin kuɓewa, tsinke. Tawul, yauƙi, tsinke. A haka na bi saman gilashin da gefe ɗaya har leɓen robar ya sauka daga ƙarfen. Na yi bismilla na ɗora tafin ƙafafuna, na fara turawa kaɗan-kaɗan. Gumi yana shiga mini ido, kuɓewa tana ɗigo mini a fuska. Abokina yana ta cewa, “Sannu-sannu, sannu-sannu,” Lawban yana faɗin irinta da nasa yaren.

Sai muka ji ƙas!

Ba wanda ya motsa. Na rufe ido. A raina na riga na ga motar haya a ƙofar gidan biki. Muryar matar Lawban ce ta dawo da ni. Ashe tana tsaye a bayanmu tun ɗazu. Ta sunkuya ta tsinci wani abu a ƙasa ta nuna mana: tsinke ne ya karye. Na sake turawa, kusurwar ta zame, gilashin da robarsa suka sulale gaba ɗaya zuwa hannun mutanen biyu. Lawban ya rungume shi a ƙirji, yauƙi duk ya ɓata masa riga, bai ma kula ba.

Da na fito daga ƙarƙashi, na je gaban matar na ba ta haƙuri da duk Sinancin da na iya. Na ce na ɓata mata fata mai kyau. Ta tafi teburinta ta jawo wani naɗi daga ƙasa ta warware. Fata ce launin madara, an yanka ta daidai awon silin. Wata ma'aikaciya ta raɗa mini cewa tun ranar da na ce “me wanti” ta yanka ta ajiye.

Kwana biyu na yi ina kankare jiƙaƙƙen gam, muka wanke robar tas muka shanya. Sannan muka ɗauki rufin zuwa ɗakin nan mai fitilu. Na shafa gam, muka zauna ni da ita. Bayan wani lokaci ta tashi, ta naɗe yatsanta ta ɗora bayansa a kan gam ɗin, ta girgiza kai ta koma ta zauna. A take na tuna. Hannun mahaifina ne sak, har yadda yake ɗan karkata kai. Ashe na sha gani, ban dai taɓa kallo ba. Mun jira abin da ya kai alwala huɗu ko biyar kafin gam ɗin ya saki yatsanta. Ta yi mini nuni in taɓa da kaina. Na taɓa, ya sake ni.

Wannan karon kwana guda na bar silin a ɗakin kafin in mayar da gilashi, da igiya da ragowar kuɓewar abokina. Na mayar da ƙarafunan ado, na bi kwalina kusa bayan kusa har ya zama babu komai a jikinsa. Saura kwana biyu muka ɗora rufin a kan motar, sakatun suka shiga ƙwal-ƙwal. Na sa Lawban ya zauna a ciki, na ɗauki tiyo na yi wa motar wanka ta kowane gefe. Ya fito a bushe yana dariya kamar yaro.

Ranar bikin da safe muna tsaye a gefen titi ni da abokina cikin manyan kaya. An yi wa motar ado da furanni da jan ƙyalle. Amarya ta fito, kafin ta shiga ta ɗaga hannu ta shafa rufin, ta ce wani abu a hankali wanda ba da mu take ba. Lawban ya juya baya yana goge tabaran da ba nasa ba, na matarsa ne ya karɓa don ya samu abin yi. Da aka zo ɗaukar hoto ya jawo ni gaban danginsa, wani tsoho ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan aikin. Na ce ba a makaranta ba ne, mahaifina mai ɗinkin kujerun mota ne a Kano, a rumfarsa na koya. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da bakina a ƙasar, kuma na ji daɗin faɗinsa.

Na wanke hoton na ba wani ɗan kasuwa mai komawa Kano ya kai wa mahaifina. Da muka yi waya bai ce komai a kai ba, sai tambaya ɗaya: “Ka taɓa da bayan yatsa?” Na ce na taɓa. Ya ce madalla, ya miƙa wa mahaifiyata wayar. Na ɗan ji babu daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai bayan shekara biyu da na dawo gida na je rumfar ban sanar ba. Na tarar da shi ya ba ni baya, yana magana da wani mai tasi da ya kawo kujera. Hoton yana manne a saman keken ɗinkinsa, an sa shi a leda saboda ƙura. Na ji yana cewa, “Ka ga wannan? Aikin ɗana ne, a Caina. Sau biyu ya yi shi, amma fa ya yi.”

Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Abin da yake damuna har yanzu ba silin ɗin da ya saki ba ne, wannan ya zama abin dariya. Fiye da shekara goma na yi a gefen mutumin nan, abin da na riƙe kawai shi ne bayansa yana tafiya famfo da buta. Hannunsa, inda aikin yake, sai da na je wata duniya wata baƙuwar mata ta nuna mini shi. Nakan tambayi kaina ko abu nawa ne ya yi a gabana irin haka, ina kallon titi.

Ɗazu da na shafa wa takalmin gam, 'yata ta ƙagu, tana cewa, “Baba ka manna mana, zan makara.” Na ce ta kawo hannunta. Na naɗe mata yatsa, na ɗora bayansa a kai, gam ɗin ya kama ta. Na ce, “Kin ji? Bai yi ba tukuna.” Muka zauna a bakin ƙofa muna jira.